Masu Faranti Biyu a Gari Ɗaya

Zauna tukuna, Sabitu, ka sha ruwa ka huce. Na ji an ce hukuma ta kira ku, ku masu raba tashoshin talabijin ta waya, ta ce kowa ya je ya yanki lasisi, kai kuma ka rantse ba za ka taka ƙafarka can ba. Bari in ba ka misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga ya fi.

A wani gari an yi wasu mutum biyu masu irin sana'arka. Ɗaya mai gyaran rediyo ne, gwanin gaske, ɗayan kuma tsohon direban tifa ne da ciwon baya ya sauke daga mota. Kowannensu ya kafa ƙaton faranti a kan rufin shagonsa yana kamo tashoshi daga tauraron ɗan'adam, ya riƙa jan waya gida-gida. Da yake ba wanda ya shata musu iyaka, sai wayoyinsu suka sarƙe a jikin turakun lantarki, wasu suka yi ƙasa har mai ɗauke da itace sai ya sunkuya kafin ya wuce. In wannan ya kai waya wani gida, wancan ya bi ya datse. In hadari ya taso da iska, wayarsu ta taɓa ta wuta, akwatunan talabijin na mutane su ƙone, kowa ya ce ba tasa ba ce.

Ana nan sai ma'aikatan hukuma suka zo suka kira su. Suka ce za a raba garin biyu, gabas da yamma, kowa a ba shi ɓangarensa na wasu shekaru. Amma sai ya kafa turakunsa, ya ɗaga wayoyi sama, ya sa tashar jiha don mutane su ji labarin gida, ya daina nuna tashar da bai sami izinin masu ita ba, kuma kada ya ƙara kuɗi ba tare da ya sanar ba. Mai gyaran rediyo ya karkaɗe riga ya tashi, yana cewa, "Da muke shan rana a kan rufi suna ina? Yanzu da abu ya nuna sun zo da cokali." Direban ma abin bai yi masa daɗi ba, sai dai ya ce masa, "Ɗan'uwa, na daɗe a kan titi. Na tsani ranar da ake duba birki, amma na ga ƙarshen motocin da ba a duba nasu ba." Ya karɓi gabas ya sa hannu.

Kada ka ɗauka ya sha da sauƙi. Sai da ya sayar da babur ɗinsa ya sayi turaku, ya koma yawo a ƙasa da bayan nan nasa mai ciwo. Da ya cire tashoshin da ba shi da izininsu, matasa da yawa suka bar shi suka koma wajen abokin hamayyarsa, har matarsa ta fara tambayarsa ko dai ya yi kuskure. Amma damina ta zo ta wuce ba akwatin da ya ƙone a gabas, masu gidaje suka lura, suka fara dawowa da kaɗan-kaɗan.

Daga baya wani babban kamfani ya zo daga birni da motoci da injiniyoyi, yana neman garin gaba ɗaya. Hukuma ta duba ta ga yamma ba ta da mai ita a hukumance, ta ba su. Suka kwance wayoyin mai gyaran rediyo yana tsaye yana kallo, ba shi da inda zai kai ƙara. Da suka juyo gabas sai aka ce musu, "Nan da mai shi, sai wa'adinsa ya cika." Dole manyan nan suka cire takalmi suka zauna a kan tabarmar direba. Aka daidaita zai zama wakilinsu, su kawo masa sababbin na'urori da tashoshi masu izini, shi kuma ya riƙe mutanensa.

Aikin ya yi masa yawa, na'urorin kuma sun fi ƙarfin saninsa. Sai ya taka da kansa har shagon mai gyaran rediyo, ya same shi zaune ya yi tagumi, ya ce, "Ni ina da takarda, kai kana da hannu. Taso mu tafi." Wancan ya jawo akwatin kayan aikinsa ya bi shi. Yau su biyun ne ke riƙe da gabas, an ce har suna shirin neman ƙauyukan kewaye.

To, Sabitu, ban ce duk abin da za su faɗa maka zai yi maka daɗi ba, in ka ga zalunci ka faɗa a gabansu. Amma ka je. Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.