Gida Mai Ƙuri'a Biyar

"Maza nawa ag gidanga?" in ji malamin rajistar zaɓe, yana kaɗa alƙalami.

Tsohuwa ta dubi ɗakunan da jinkarsu ta rufta. Tun safe malamin ke zagaya wannan ƙauye na bayan Dingyaɗi, bai cika shafi guda ba. Yunwa ta kwashe wasu, cin rani ya kwashe saura.

"Biyar na haihwa. Ukku na kwance kushewa. Biyu sun tahi Kurmi, can Kudu, shekara bakwai ko saƙo babu."

Maigari, da ke yi wa malamin rakiya, ya yi gyaran murya. "Hwaɗi sunayensu dai, Inna. Garin da babu mutane, gwamnati ba ta gina mai rijiya."

Ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan fari, wanda bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Malamin ya rubuta su duka, rayayyu, ya hura tawada ta bushe.

Ta share ido da bakin zane. "To ni hwa, Malam? Ni kaɗai na rage."

Ya rufe littafi, ya nufi kekensa.

"Maza kaɗai doka ta ba ƙuri'a. Mata ba su cikin lissahi, Inna."