Tsohon Kwalekwalen Hamani

"Za a rufe tabkin shekara guda, Baba," in ji Hafsatu, ma'aikaciyar gandun daji. "Ƙidayar bana ta nuna kifi ya ragu ƙwarai."

Hamani masunci ya zauna a kan turmi. Da tabkin nan na bayan Dakoro yake ciyar da iyalinsa.

"Kifi na nan, ɗiyata. Ni nake ganin su kullum."

"Na yarda. Kowace shekara da kwalekwalenka muke ƙidaya, bana kuwa da sabon jirgin da aka ba ka muka shiga. Ina jin ƙarar moter, wato injin jirgin, ce ta kore su daga raga. Amma manyanmu na Maradi ba za su karɓi zato ba. Fiddo tsohon, gobe mu sake ƙidaya. Hanyar da ta rage ke nan."

Matar Hamani, Zainabu, ta fito ɗauke da akushi, ta ajiye gaban baƙuwa.

"Icce ya ƙare mana, ga ki kin zo da yunwa," ta ce a hankali. "Wanga tuwo, da katakon ƙarshe na tsohon kwalekwalen na dafa miki."