Kada Ku Ci Komai

Duk Gubuchi an san Malam Safiyanu mai rake da abu ɗaya: ba a ɗauke kwano daga gabansa da saura. Shi ya sa ranar da aka ga ya ture fura gefe, maƙwabta suka tabbata maganar asibitin nan ta yi girma.

Ta kuwa yi girma. A wani asibiti a Zariya, likita, saurayi mai ladabi, ya ɗaga hoto ya nuna wa Safiyanu da matarsa wani ƙullutu cike da ruwa a jikin bututun da ke kai ruwan maɗaciya zuwa hanji. Ya ce sai an yi aiki, a yanke wurin a cire shi, a haɗa sauran da hanji, don in an bar shi zai iya rikiɗa ya zama mugun ciwo. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranar aikin kada ku ci komai, ko ruwa kada ku sha.”

Safiyanu ya ji tsoron da bai taɓa ji ba. A ransa ya ce in aikin nan ya ɓaci, shi tasa ta ƙare. Sai ya riƙe umarnin likita hannu bibbiyu, har ya yi masa ƙari. Tun ana jibi ya ɗinke bakinsa, wai don aikin ya fi kyau. Matarsa Rahamatu ta buɗe baki za ta yi bayani, ya katse ta, ya ce ita me ta sani a harkar asibiti. Ya bar wa ƙanensa Bilya gonar rake, ya bi gida-gida yana roƙon addu'a da muryar da da kyar take fita.

Ranar tafiya, direba ya rasa inda zai tsaya a Makarfi sai daidai wajen mai gasa masara. Safiyanu, bawan Allah, ya runtse ido, ya toshe hanci da hula, cikinsa na ƙugi har fasinjoji na waige. Rahamatu na gefensa, hoton na cikin jakarta, tana jan carbi.

A asibiti, da aka turo gadon nan mai taya na shiga ɗakin aiki, Safiyanu ya miƙe da ƙarfin hali. Ɗakin ya juya masa, ya zube ƙasa rim.

Ya farka a kan gado ana ƙara masa ruwa, likita na tsaye a kansa.

“Likita, an yi?”

“An yi, Baba, an cire shi tsaf.”

Hawaye suka zubo masa, ya yi hamdala. Can ya rage murya ya tambaya ko yanzu an yarda ya ɗan taɓa wani abu.

Likita ya danne dariya ya ce, “Baba, ai ku ba wanda ya hana ku. Wancan ‘ku’ ɗin, girmamawa na yi wa Mama Rahamatu. Ita tuni ta farfaɗo daga aikinta, tana ta tambaya ko mai jinyarta ya farfaɗo.”