Kilo Sittin da Biyu

Tun da aka hana gubar ɓera, masu rumbunan kasuwar Dawanau wani magani mai suna ɗigon Amana suke saya. In macen ɓera ta lasa, ba ta ƙara kula namiji sai wanda ta fara sansana.

Ɗayyabu tela ne, ba shi da rumbu. Da safe ya ga matarsa Rakiya tana dariya da direban ofishinsu. Da hantsi yana shagon Hajiya Lantana mai sayar da ɗigon.

"Gwargwadon nauyi ake ɗigawa," in ji Hajiya. "Ɓeran giram nawa ne?"

"Kilo sittin da biyu."

Ta mayar da kwalbar cikin durowa.

"Ɗan nan, kai ne na huɗu yau. Koma gida ka yi magana da matarka."

Shaguna goma ke sayar da ɗigon a layin. Ɗayyabu ya shiga na gaba.