Toshin Dutsen Dalma

Namadi ya ɗora dutsen a tafin hannun Lubabatu, a ƙofar gidan iyayenta a Anka. Daga ramin zinariya na Abare ya haƙo shi, yana ƙyalli kamar madubi.

"Irinsa kike karantawa a jami'a, ko? Ga toshina."

Ta jujjuya shi, ta ƙi ɗagowa. "A cikinsa ko'ina daidai yake. A fuskar da ya fashe ne daidaiton yake ɓaci, har ƙwayoyin lantarkinsa su sauya juyi. Dalma ce, Namadi. Ita kake niƙawa a gidan da za ka kai ni."

"Mi za ta yi mani?" Ya yi murmushi.

A dasashinsa ta hango baƙin layin gubar dalma, irin wanda ta gani a bakin ƙanenta kafin a binne shi.