Wakilin Mutanen Tarai

Ranar Talata, bayan ruwan sama mai ƙarfi, baƙin ruwan da kamfanin gyaran shinkafa ke zubarwa ya fasa kwata ya malale gonar Baba a Tarai. Na hau babur sai ofishinsu a Rano.

"Samari, mu da tsari muke aiki," in ji manajan, Alhaji Dalhatu. "Kowane gari yana da wakili a kwamitin muhalli. Ta bakinsa kaɗai muke karɓar koke."

"To wane ne namu?"

"Wani yaro mai hankali. Bai taɓa kawo ƙorafi ba. Albarkacinsa ma aka ba mu lambar yabo."

"Don Allah nuna min munafukin."

Ya nuna wani hoto a bango. Ni ne nake washe baki, sanye da hular kamfani da aka raba mana a filin ƙwallo bara waccan, aka ce mu tsaya a ɗauka.

"Au, kai ne? To ka jira zaman kwamiti, bayan girbi."

Mun rasa tattasai kunya arba'in, rijiya ɗaya, da tumakin Inna biyu.