Mai Leƙa Hoton Malama

Sau goma sha ɗaya. Malama ta sake ƙirgawa da yatsa a fuskar wayarta, tana tsaye a bakin aji, alli a ɗaya hannun. Daga asuba zuwa ƙarfe goma, mutum ɗaya, da waya ɗaya, ya buɗe shafinta sau goma sha ɗaya.

Shekara huɗu ke nan tana rubutu a ɗan shafinta na intanet. Ba wani abin a zo a gani ba ne: littafin da ta karanta a motar haya, takardun jarrabawa da ruwan shayi ya ɓata, maƙwabciyar da ke aron littafi ba ta dawowa da shi. Masu karantawa ba su wuce talatin ba, rabinsu ma ta san su ido da ido.

Malamin kwamfuta na makarantarsu ne ya jawo mata, da ya saka mata abin ƙirga masu ziyara. Da bai saka ba, da tana nan da kwanciyar hankalinta.

Domin wannan baƙon ba ya karanta komai. Bai taɓa buɗe rubutu ko ɗaya ba, bai taɓa barin sharhi ba. Kai tsaye yake zuwa gefen da ta rubuta "Ko Ni Wace Ce", inda babu komai sai layi uku da hotonta. Nan zai zauna minti goma, wani lokaci ashirin. Layi uku fa, jama'a!

"Daga ina yake?" ta tambayi malamin kwamfuta a ɗakin malamai.

"Wallahi Malama, ba za a iya ganewa ba. Layin waya ne, yau ya nuna nan, gobe can. Wayar dai tsohuwa ce. Kuma ko ranar hutu ba ya fashi."

Tsoro ya kama ta sosai. Ta fara zargin kowa: mai shagon littattafai da ke yawan washe mata baki, direban da ya taɓa kiran ta da sunan shafin, har malamin kwamfutan bai tsira ba, bawan Allah. Ta canza hanyar zuwa makaranta. Ta sayo labule mai kauri. Tana tsakiyar rubutu a allo sai ta ji hannunta ya tafi jaka neman waya. Sha uku. Sha bakwai. Littafin da take karantawa ya yi sati biyu a shafi na arba'in.

Abin da ya fi cin ta kuwa, an gaya mata. Shekara biyu da suka wuce, a zuwanta gida na ƙarshe, Baba ya ce, "Ki cire hoton nan. Ba ki san wa ke kallonki ba." Ita kuma bakinta ya riga hankalinta. A gaban ƙannenta ta ce, "Baba, kai da ko saƙon waya sai an karanta maka, me ka sani game da intanet?"

Baba ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita. Tun daga ranar, gaisuwarsu sai ta bakin Auta, ƙanwarta da ke zaune da shi. Shi bai kira ba, ita ma taurin kai ya hana ta. Hoton kuma ta bar shi da gangan, don kada a ce ta ji magana.

Ranar Litinin ƙirgen ya kai ashirin da biyu kafin la'asar. Ta je ta tsaya a kan malamin kwamfuta har ya ajiye abincinsa.

"Toshe shi. Yanzun nan."

Ya toshe. Ita kuma da hannunta ta goge hoton.

Talata shiru. Laraba shiru. Ya kamata ta samu sukuni, ina! Ta share ɗaki sau biyu, ta jera littattafai ta rushe ta sake jerawa. Ta zauna za ta rubuta wa masu karatunta abin da ya faru, ta goge, ta sake farawa, ta goge. Ba su ne suka cancanci jin maganar ba. Tsoho ya faɗi gaskiya, ta ci masa fuska a gaban yara, kuma kunya ta ishe ta.

Ranar Alhamis, a lokacin hutun tara, ta fita bayan ajujuwa inda ba kowa, ta kira Auta.

"Auta, ba ni Baba. Ina da magana da shi."

"Yaya, ke ce? Ai ba ya nan. Yana wurin mai gyaran waya, zuwansa na uku ke nan. Ya hana kowa sakat a gidan nan, ko abincin kirki ba ya ci."

"Me ya samu wayar?"

"Oho! Mai gyara ya ce lafiyarta ƙalau, shi ya ce ƙarya ne. Na ce a saya masa sabuwa, ya ce wannan yake so." Auta ta rage murya. "Don Allah kada ki ce na gaya miki, ya sa ni na rantse. Wai tun ranar Litinin, in ya taɓa ɗan wurin nan da na saita masa, hotonki ba ya fitowa."